Harsashi ne linzamin bindiga, kuma gwamnati ta sake shi

Bindiga ba ta cin abinci, ba ta kuma tsufa da wuri. Idan mai ita yana shafa mata mai, yana rataye ta inda raɓa ba ta kaiwa, za ta binne shi, ta binne ɗansa, ta iske jikansa tana aiki. Harsashi kuwa ransa ɗaya ne. In ya fita ya fita ke nan, ko ya sami nama ko ya sami iska. Duk mai son ya fahimci halin da maharba da manoman ƙasar Jega da Aliero da Maiyama suke ciki da tsofaffin bindigoginsu, daga wannan bambanci ya kamata ya fara. Gwamnatin Nijeriya ta shafe shekaru tana kokawa da abin da ba ya mutuwa, wato bindigar, ta saki abin da dole ne a sake saye kowace kaka, ta bar wa 'yan fasa-ƙwauri. Da'awata ita ce wannan tsari bai raba ko mutum ɗaya da bindigarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya tsawwala wa mai gaskiya kuɗin harsashi, ya mayar da shi mai laifi a gidansa, ya kuma buɗe wa ɓarawo kasuwa.

Idan aka ce tsohuwar bindigar farauta a wannan yanki, ba abu ɗaya ake nufi ba. Akwai adaka, wadda wasu suke kira bindigar toka, matasa kuma suke yi mata shaguɓe da harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi da darma, a danna da sanda, a yi harbi ɗaya, a koma farko. Maƙerin ƙauye ne yake ƙera ta, shi ne kuma likitanta. Akwai mai baki ɗaya da 'yar'uwarta mai baki biyu, waɗanda ake karyawa a tsakiya a sa musu harsashin kamfani mai jikin roba da gindin ƙarfe, cike da ƙananan ƙwayoyin darma. Da yawa daga cikinsu gado ne, daga wani tsohon ma'aikacin En'e, ko tsohon soja, ko attajirin da ya saya lokacin da Naira take da ƙima. Ta uku ita ce wadda dattawa suke kira mak-fo, wato Lee-Enfield ta Ingila mai harsashi .303, irin wadda 'yan sandanmu suka daɗe suna saɓawa. A Kanada da Ostareliya dubban irinta sun koma hannun mafarauta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kukan masu su a yau shi ne rarar harsashin soja mai araha ta ƙare, sai na kamfani mai tsada. Mu ba mu kai ga wannan kuka ba, domin dokarmu ta ambaci .303 da sunanta a cikin haramtattu.

Dokar ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau take aiki. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko haramtattu ne: masu sarrafa kansu, ƙananan bindigogin hannu, da bindigogin soja masu harsashi milimita 7.62 da 9 da kuma .300 da .303, kuma babu mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗurin baki, su adaka, kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta'adi a kan mutane cikin shekaru biyar da suka gabata. Wurin da ya fi damunmu shi ne ta ɗaure harsashi a jikin lasisi. Ba ka da ikon ajiye harsashi sai bisa sharaɗin lasisinka, ba ka kuma da ikon saye sai a wurin dillali mai rajista.

Wannan rabe-rabe yana da kaka. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burasels na Beljiyam, da sunan yaƙi da cinikin bayi, suka hana shigo da bindigogin zamani mafi yawan Afirka, suka yarda a sayar wa ɗan ƙasa bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Shekara 13 bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, dawakin Sakkwato suka fuskanci bindigar Maxim, kowa kuma ya san yadda aka ƙare. Ke nan tun asali tunanin shi ne mai ƙarfi ta zauna a hannun hukuma, mai rauni a bar wa talaka ya kori biri. Ba na kawo wannan don in ce a yage dokar 1959. Akasin haka nake nufi. Dokar da aka rubuta shekara guda kafin 'yancin kai, duk da irin gidan da ta fito, ta yarda cewa manomi baligi mai hankali yana iya zuwa ofis ya nemi lasisi ya samu, ya kuma sayi harsashinsa da rana tsaka. Waɗanda suke riƙe da ita a yau ne suka rufe wannan ƙofa, ba tare da sun koma majalisa sun canza ko harafi ɗaya ba.

A watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, Kwamishinan 'Yan Sandan jihar ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan daram. A 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada dakatarwar. Sai mai karatu ya auna abin da wannan yake nufi a wani gida a ƙasar Maiyama. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa. Tsoho ya rasu ya bar mai baki ɗaya da takardarta da ta yi ja don daɗewa. An raba gado, bindiga ta faɗa wa babban ɗa. Ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a rubuta sunansa, saboda haka daga ranar ya zama mai riƙe da makami ba bisa doka ba, alhali bai motsa ta daga ƙusar da take rataye ba. Tunda ba shi da lasisi, ba shi da harsashin halal. Kowace rasuwa tana cire bindiga ɗaya daga littafin gwamnati ta jefa ta cikin duhu, kuma gwamnati da hannunta ta tsara hakan.

Wani zai ce to ya miƙa ta ga hukuma mana ya huta. Mai faɗin haka bai taɓa kwana a gona ba. Manomin Aliero yakan tara albasarsa a rumfunan kara da ciyawa, ya jira watanni farashi ya tashi, kuma a cikin wannan tari ne kuɗin auren 'yarsa da kuɗin taki na baɗi suke kwance. Mai noman rani a fadamar Gulbin Zamfara kusa da Jega yana da injin ban-ruwa da mutum biyu za su iya ɗauka su ɗora a babur cikin dare. Ga biri a gonar masara, ga tsuntsayen jan-baki da kan sauko wa shinkafa kamar hadari. Yawancin harbin da ake yi a irin waɗannan wurare sama ake yinsa, don ƙara ta isar da saƙo cewa akwai mai tsaro a farke. Sai kuma rani, lokacin da maharbi yake shiga daji ya samo fakara ko zomo ko zabuwar daji, abin da zai sa miyar gidansa ta san nama a shekarar da kilo ɗaya ya gagari ma'aikacin gwamnati. Wannan mutum ba zai miƙa bindigarsa ba. Zai nemi harsashi a inda yake.

A nan tsadar take haihuwa, kuma hawa-hawa take zuwa. Harsashin mai baki ɗaya kayan waje ne, da dala ake sayo shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ko da babu wani dalili, wannan kaɗai ya isa ya ninka kuɗin kwali mai harsashi 25 sau uku. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kowane kaya ya tashi. Waɗannan biyu sun shafi shinkafa da siminti ma, ba abin mamaki ba ne. Hawa na uku shi ne na harsashi shi kaɗai, wato kuɗin tsoro. Kayan da ba za a iya ɗorawa a kan tebur ba, dole a biya mai ɓoye shi a ƙarƙashin buhuna, a biya direban da ya san in an kama shi ɗauri ne, a ajiye na goro a shingen da ya kamata, a biya dillali na biyu da na uku da kowannensu yake ƙara ladan kasadarsa. Kuma mai saye ba ya ciniki. Wa zai tsaya yana taya haramtaccen kaya da ƙarfin murya, ko ya ce bari in zagaya kasuwa in ji na wani?

Kada a zaci ƙaramar harka ce. A 2018 sojoji sun tare manyan motoci uku a Jihar Ogun ɗauke da harsashin irin wannan bindiga sama da 300,000. A shekarar dai jami'an Kwastan suka kama wata mota a kan hanyar Wawa zuwa Babana, a ƙasar Borgu da ke maƙwabtaka da kudancin Kebbi, da kimanin 200,000 a ɓoye a ƙarƙashinta, ta fito daga wajen Jamhuriyar Benin. Abin da aka kama ke nan, kuma ɗan fasa-ƙwauri ba ya ci gaba da sana'ar da ake kama masa kowace mota. Jihar da take da iyaka da Nijar ta Kamba, da Benin ta ƙasar Bagudo, ba sai an koya mata yadda kaya suke ratsa daji ba. Rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya nuna wa kowa cewa abin da rufewa take yi shi ne ta ƙara wa mai babur kuɗin aikinsa.

Maharbi yana da lissafinsa, ko da bai rubuta ba. Harsashi ɗaya, fakara ɗaya, in an dace. In an kuskure, an ƙona kuɗi a iska. Ranar da kuɗin harsashi ya kusanci kuɗin tsuntsun, farauta da mai baki ɗaya ta daina zama sana'a. Daga nan hanyoyi biyu suka rage masa, kuma dukansu sun fi na farko haɗari. Ko dai ya tsince kwanson da ya harba ya kai a sake cika masa da albarushin gida, a bindigar da ta haura shekara 40, wadda ba wanda ya taɓa auna ƙarfin bakinta. Ko kuma ya rataye ta ya koma wa adaka, wadda sau da yawa bututun ƙarfen da aka samu ne aka mayar bakinta. Duk garin da yake da maharba ya san mutum mai yatsu uku ko mai ido ɗaya, kuma ba sai an tambayi dalili ba. Har wanda ya daure ya sayi na kamfani bai tsira ba, domin ba shi da tabbacin shekara nawa harsashin ya yi a rami ko a bayan rumbu yana shan danshi. Idan ya ƙi tashi, wurin wa zai kai ƙara?

Amma mafi munin abin ba a jikin maharbi yake ba. Hanyar da harsashin farauta yake bi ya shigo, da direban, da ɓoyayyen ƙasan motar, da jami'in da ya kau da kai, ba sa tambayar irin kayan da aka ɗora. Kuɗin manomi mai korar biri yana cikin abin da yake riƙe wannan hanya a raye tsakanin lodi da lodi, har ranar da za a ɗora mata abin da ya fi harsashin zomo. Gwamnati ta ɗauki dubban mutanen da ba su da wata niyya sai tsare amfanin gonarsu, ta haɗa su layi ɗaya da masu kai wa daji kaya, ta sa kowannensu yana da dalilin yin shiru idan ya ga wani abu. Mutumin da yake ɓoye kwali ɗaya a ƙarƙashin gado ba zai je caji ofis ya tona asirin wanda ya sayar masa ba, ko da ya san me kuma yake sayarwa, ya san kuma wa yake sayar wa.

Ɗan bindigar daji kuwa (abin takaici ne yadda wannan suna ya lalace, domin a da 'yan bindiga su ne masu buga adaka a gaban sarki ranar hawan Salla) tsadar nan ba ta taɓa shi. Ba ya harba harsashin roba. AK-47 yake riƙewa, mai gidan harsashi 30, mai kaiwa mita 300, alhali mai baki ɗaya in ta wuce mita 50 sai dai ta ba da tsoro. Kuɗin harsashinsa daga kuɗin fansa yake fitowa, wato daga aljihun manomin nan dai. Makaminsa kuma ba daga ɗakin wani tsoho a Aliero ya fito ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce bindigogi 178,459 ne ba a san inda suke ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. A Yulin 2024 Kwastan ta sanar da kama bindigogi 844 da harsashi 112,500 a kwantena ɗaya a tashar Onne, daga Turkiyya. Hukumar da ta kasa ba da lissafin abin da yake cikin rumbunta ita ce ta ce ba ta amince da manomi ya riƙe mai baki ɗaya da sunansa a rubuce ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Sannan ga fuska biyu. Idan wuta ta kama, maharbin nan ake nema. A Nuwamban 2014 maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, aka yi ta yabonsu a rediyo. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'arsa su tanadi makami. A watan Maris na 2022 'yan sa-kai fiye da 60 suka mutu a kwanton ɓauna ɗaya a yankin Sakaba, a nan Jihar Kebbi. A Nuwamban 2024 mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie suka bi sawun Lakurawan da suka kore musu shanu, aka kashe 15. Idan ƙura ta lafa kuma, bindigar da aka yaba jiya ita ce shaidar laifi yau. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin toka a cikin kayan wasu mafarauta 'yan Jihar Kano da suke komawa gida yin Salla, aka kashe 16 daga cikinsu. Ƙiyayya ce ta kashe su, babu shakka. Amma ƙasar da ta bar mutanenta suka kasa bambance mafarauci da mai garkuwa da mutane, domin ta daina ba da takardar da kowa ya sani ya kuma yarda da ita, tana da nata kason.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce mun ga abin da ƙato-da-gora mai bindiga yake yi idan ya ji kansa hukuma. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, ba a jima ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40, gwamnatin Sakkwato kuma ta haramta ƙungiyar. A Mali, a Maris na 2019, an kashe Fulani kimanin 160 a ƙauyen Ogossagou, aka ɗora alhakin a kan ƙungiyar maharban Dogon. Za a ƙara da cewa dajin ma ya ƙare, gada da barewa sun zama labari, arahar harsashi kuwa ƙarasa sauran za ta yi. Na yarda da duk wannan, kuma shi ya sa ban goyi bayan kiran Masari da Matawalle ba. Gwamnan da ya ce wa mai adaka ya je ya tari AK-47 ya sauke nauyin da yake kansa ne ya ɗora wa marayun gobe. Sai dai a lura da abu ɗaya: duk waɗannan ta'asa a ƙarƙashin takunkumi suka faru a ƙasarmu. Wanda ya harbi makiyayi a kasuwa bai rasa harsashi ba. Abin da aka rasa shi ne littafin da za a buɗe a ga wa ya saya, nawa ya saya, yaushe, kuma ina ya kai shi. Haka nan dokar kare namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ba ta da haƙori a kan maharbin da ba a san da shi ba. Wanda yake da lasisin da za a iya ƙwacewa shi ne ake iya ce wa kada ka yi harbi a watannin haihuwar dabbobi, ya kuma ji.

Shi ya sa na kira harsashi linzami. Ba za ka iya ƙirga bindigogin da suke rataye a ɗakunan ƙauyukan Jega ba, ba za ka iya bi gida-gida ka karɓe su ba, in ma ka karɓe maƙeri yana nan. Amma mai bindiga dole ya dawo neman harsashi, kuma duk inda yake dawowa, nan ikon yake. Wasu ƙasashe sun gane haka. Dokar bindigogi ta Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 ta ƙayyade wa mai lasisi na gama-gari harsashi 200 ga kowace bindiga. Kanada ta yi abin da ya fi wannan ban sha'awa. Tun 1947 ta ɗauki mafarautan ƙauyukan arewacinta masu nisa a matsayin idanun ƙasa, ta ba kowannensu Lee-Enfield, mak-fo ɗin nan dai, da harsashi 200 a shekara, suna farauta da ita suna kawo rahoton abin da suka gani, kuma sun riƙe ta shekara 70 kafin a sauya musu sabuwa. Ba ina cewa a raba wa kowa mak-fo a Maiyama ba. Abin dubawa shi ne yadda ƙasa ta mayar da rabon harsashi igiyar da ta haɗa ta da mutumin da yake zaune inda jami'inta ba ya kaiwa.

Jega ta dace da gwajin irin wannan. Gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19, lokacin da fataken goro suke yada zango a cikinsa, kuma har yau nan hanyar Sakkwato zuwa Kontagora ta haɗu da ta Birnin Kebbi. Mutumin Aliero da na Maiyama duk suna shigowa. A ce akwai shago ɗaya mai rajista, ƙarƙashin idon 'yan sanda, mai farashi a rubuce a bango. A ba da wa'adi, duk mai tsohuwar bindiga ta kashi na biyu ko na uku ya kawo ta a duba lafiyarta, a buga mata lamba, a rubuta sunansa ba tare da an tuhume shi da jiya ba, bisa shaidar mai unguwarsa da hakiminsa da Sarkin Baka, mutanen da suka san wane ne mai zafin zuciya, wane ne kuma yake da ɗa a daji. A yanka masa adadi a shekara. Kada a sayar masa da sabon kwali sai ya dawo da kwanson tsohon. Wanda ya kasa kawowa ya yi bayani. Wanda aka ga kwansonsa inda aka zubar da jini, an san ƙofar gidansa. Masarautar Gwandu, wadda ƙananan hukumomin uku suke ƙarƙashinta, tana da sarki Manjo-Janar mai ritaya, Muhammad Iliyasu Bashar, wanda ba sai an yi masa bayanin yadda ake riƙe littafin rumbun makamai ba.

Tsarin ba zai yi aiki ba sai harsashin shago ya fi na ɗan fasa-ƙwauri araha, kuma hakan mai yiwuwa ne, tunda kuɗin tsoro ya fita daga ciki. Ya fi yiwuwa ma idan a gida aka yi shi. Mali tana da kamfanin harsashin farauta a Bamako, Kongo tana da nata a Pointe-Noire. Mu muna da DICON a Kaduna tun 1964, an kuma sabunta dokarta a 2023 don ta haɗa hannu da 'yan kasuwa. Ƙasar da take alfahari da ƙera motar sulke bai kamata ta bar manominta yana jiran kwalin da ya ratso dajin Borgu a ƙarƙashin buhu ba. Harsashin gida kuma ana iya buga masa alamar jiha da ta shekara, abin da na fasa-ƙwauri ba zai taɓa ɗauka ba.

Za a ce littafin zai zube, magatakarda zai sayar ta bayan gida, hakimi zai sa hannu wa ɗan ɗakinsa. Zai faru, wani lokaci. Amma zubewar littafi ana iya gano ta, a kori mutum, a ɗaure shi, domin akwai adadin da ya shigo da adadin da ya fita. Yanzu babu adadin komai. Wanda ya fi son duhu baki ɗaya a kan fitila mai hayaƙi sai ya gaya mana abin da shekarun takunkumi suka saya wa mutanen Danko-Wasagu.

Jega da Aliero da Maiyama ba su ga irin abin da masarautar Zuru ta gani ba, muna roƙon Allah kada su gani. Wannan ne ya sa yanzu ne lokacin, tun mutane ba su kai ga sayar da shanu su sayi abin da ya fi mai baki ɗaya ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin Mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai a jerin abubuwan da Tarayya kaɗai take yi wa doka, saboda haka ɗage takunkumin aikin Abuja ne, kuma Sanatan Kebbi ta Tsakiya, Adamu Aliero, ɗan ɗaya daga cikin garuruwan nan ne, ya kuma yi gwamna shekara takwas. Amma kashi na uku ba ya buƙatar jiran kowa ya canza doka. Adaka tana hannun Kwamishina a Birnin Kebbi, kuma dokar 1959 ta ba Sufeto-Janar ikon ya ba maƙeri izinin ƙera ta da gyara ta idan gwamnan jiha ya amince. Gwamna Nasir Idris yana iya rubuta wannan takarda a makon nan. Dokar ta kuma wajabta a ajiye rajistar dillalan makamai da ta maƙeran da aka ba izini. Wakilanmu a Majalisar Tarayya su nemi a kawo rajistar nan gaban kwamiti, a buɗe ta, a karanta mana sunaye nawa ne a cikinta daga Jihar Kebbi, da shekarar da aka rubuta na ƙarshe.